Jawabi Ga Talakawa A Kan Mota Da Mai



Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya kewayo, litar fetur ta tashi daga wajen Naira 190 ta haura 500 a Kano. Sa'an nan Gwamnati ta ce maganin abin shi ne mai mota ya juya injinsa ya koma shan iskar gas, watau CNG.

Ba mu musa ba, gas ya fi fetur araha. Amma ku duba. Tukunyar gas ɗin a bayan mota ake ɗaura ta, daidai inda buhun ɗan kasuwa yake zama. Direba ya rasa kuɗin kaya, wa zai cika masa? Ku ne, a kuɗin mota. In ma an juya injin, ina za a sha gas ɗin? Bututun da zai kawo shi daga Ajaokuta ta Kaduna, an ƙaddamar da aikinsa tun 2020, aka shiga 2025 bai iso Kano ba. An ce mu sayi guga, ba a gina rijiya ba!

A 2023 ɗin nan kuwa aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci masu zuƙar mai, da kuɗin jama'a.

Abin da muke nema ke nan: a fara juya motocin Gwamnati tukuna, a kafa wurin shan gas kusa da kowace babbar tasha, kana a zo a yi mana maganar tsimi.