Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi



An nemi mu yi magana a kan binciken masana da rabon malamin firamare a cikinsa. Akan ɗauka cewa bincike aikin farfesoshi ne a jami'a, mu kuwa namu alli da rajista. Amma akwai wata kalma da ake yawan ji a makarantu, wadda masana ƙwaƙwalwa da likitoci da masu horar da ma'aikata da masana shari'a kowa yake da abin faɗa a kanta. Kalmar ita ce daƙiƙi. Yaron da aka laƙaba wa ita a aji biyu yakan ɗauke ta har aji shida, ya koma bencin baya, daga can kuma sai tasha ko talla. Abin da muke son nunawa yau shi ne, sau da yawa ana yanke wa yaro wannan hukunci tun ba a binciki lamarinsa ba.

Mu fara da ƙwaƙwalwa. Yaro mai lafiya yakan koyi magana ba tare da an sa shi a aji ba, amma babu wanda ke koyon karatu haka nan. Rubutu bai fi kimanin shekara 5,000 da samuwa a duniya ba, don haka ba a haifar mutum da wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka tanada domin haruffa. A shekarar 2010, wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, tare da abokan aikinsa, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya 63 a Barazil da Fotugal. Wasu sun koyi karatu tun suna yara, wasu sai da suka girma, wasu kuwa ba su taɓa koya ba. Sun ga cewa koyon karatu yana sa wani ɗan wuri a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa na asali gane siffofin abubuwa ne, ya riƙa amsa wa haruffa. Sun ga wannan sauyi har a waɗanda suka koya da girma. Ma'ana, abin da muke yi a aji ɗaya gina sabuwar hanya ce a cikin kan yaro, kuma ƙofar ba ta rufewa don an makara.

Wannan fanni ya kuma warware mana wani abu da kowane malamin aji ɗaya ya sani: yaron da ke rubuta b a wurin d. Tun yana jariri idonsa ya saba cewa buta buta ce, ko hancinta ya dubi dama ko ya dubi hagu. Akuya ma ko ta juya, akuya ce. Sai ga shi ya zo makaranta an ce masa sanda da tumbi a dama harafi ɗaya ne, sanda da tumbi a hagu wani harafi ne dabam. Mu kuma masu koyar da Hausa har da ƙarin ɓ da ɗ. Yaron da ke rikita su ƙwaƙwalwarsa tana aiki ne yadda aka halicce ta, sai dai tana buƙatar lokaci ta saki tsohon sabo. Maganinsa ya yi ta rubuta harafin da hannunsa, a allo ko a ƙasa, yana furta sautinsa. Idan shekaru suka wuce yaro mai wayo a magana da lissafi yana kasa haɗa sauti da harafi, to akwai wata larura da masana ke kira disleksiya. Ba ta da dangantaka da ƙarancin basira, ƙarin kulawa take buƙata.

Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin jiki take zaune, a nan likitoci suka shigo. Daga 1998, Edward Miguel da Michael Kremer sun bi diddigin makarantun firamare 75 a gundumar Busia ta Kenya, inda aka riƙa ba ɗalibai maganin tsutsar ciki. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Sun kuma faɗi gaskiya cewa ba su ga makin jarrabawa ya ƙaru ba a lokacin. Magani ya dawo da yaro aji, koyarwa kuwa tana nan a wuyanmu. A nan gida ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu, su kuwa aji za su zo. Haka ƙarancin sinadarin aidin, wanda muka fi saninsa da kawo maƙoƙo, yana dakushe kan yaro, alhali gishiri mai aidin yana hana shi. Ga ƙarancin jini, ga yunwar safe, ga idon da ba ya hango allo, ga kunnen da ke zubar ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya sa a ga yaro kamar marar fahimta.

Daga fannin horar da ma'aikata akwai darasi ɗaya da ya dace da mu. A 1978, Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikatan gidan waya a Birtaniya da ake koya wa buga tafireta. An raba su rukuni-rukuni, daga masu awa ɗaya a rana har zuwa masu awa huɗu. Masu awa ɗaya sun ƙware a cikin adadin awoyi mafi ƙanƙanta, duk da cewa su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin. Bahaushe ya riga ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Minti goma sha biyar na sautin haruffa kullum ya fi ɗura na mako guda gab da jarrabawa. Wannan ya shafi yaron da zai zama likita da wanda zai zama makaniki ko tela, domin duk wanda zai karanta ma'auni ko takardar umarnin inji daga aji ɗaya ya faro.

Sai shari'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro a Najeriya. Ba ta ce sai mai saurin fahimta ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu haƙƙin ilimi. Dokar haƙƙin yara ta 2003 kuma ta haramta cutar da jikin yaro ko zuciyarsa, jihohi kuma suna da nasu dokokin kare yara da ya kamata kowane malami ya karanta ta jiharsa. A kan bulala, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara bincike da ya shafi yara sama da 160,000 a 2016, ba su sami shaidar cewa dukan da iyaye ke yi yana gyara hali ba. Idan bai gyara hali ba, ta yaya zai buɗe idon da ba ya ganin allo?

To, me ya rage gare mu? Na farko, kowane malami ya ware littafi ɗaya domin yaran da ke baya: wane harafi yaro ke rikitawa, wace rana yake fashi, yaushe yake barci a aji, yana gani idan an dawo da shi gaba? Wannan shi ne tushen kowane bincike, kuma babu farfesan da ke zama da waɗannan yara kwana biyar a mako sai mu. Na biyu, shugabannin makarantu su ƙulla zumunci da ƙaramin asibitin da ke kusa, domin duba ido da kunne da rabon maganin tsutsa. Na uku, muna roƙon reshe ya riƙa gayyato malaman kwalejin ilimi su taƙaita mana sabon bincike da Hausa, a buga shi a wannan mujalla tamu. Na huɗu, mu riƙe waɗannan hujjoji idan mun zauna da hukuma. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Malamin da ke gaban ninki biyu ko uku na wannan adadi ba zai gane wanda ke ƙanƙance ido a bencin baya ba. Neman ƙarin malamai da ajujuwa kare haƙƙin yaro ne kafin ya zama sauƙin malami.

Ku kuma iyaye, idan an ce ɗanku ba ya ganewa, ku zo mu zauna tare kafin ku cire shi. Ku gaya mana abin da ya ci da safe, da ciwon da ya taɓa yi, da aikin da ake yi a cikin gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.