Dariyar da ke Tuɓe Rigar Kunya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, laccarmu ta yau a kan wani nau'in fina-finan Amurka ce, wato na barkwancin batsa, inda samari kan cika mota su kama doguwar hanya don biyan sha'awa. Da yawa daga cikinmu sukan ce ai abin dariya ne kawai. To, a wannan "kawai" ɗin ne haɗarin yake.

Mu fara da asali. Daga 1934 masana'antar Holiwud ta yi aiki da ƙa'idar Hays, wadda ta hana nuna tsiraici da kalaman batsa. A 1968 aka jingine ta, aka koma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Wanda aka yi wa alamar R, ba a barin ɗan ƙasa da shekara 17 ya shiga silima kallonsa sai tare da babba. Ta wannan ƙofa irin su Losin' It na 1983, da Road Trip na 2000, da EuroTrip na 2004 suka fito. Abin lura shi ne, su kansu masu abin sun kafa masa shinge, alhali a wayar da ke hannun yaronmu babu mai tsaron ƙofa.

Mu ɗauki Road Trip misali. Wani ɗalibin jami'a ne a jihar Niyu Yok ya ci amanar budurwarsa, aka ɗauki abin a kaset ɗin bidiyo, sai aka aika mata kaset ɗin Teksas bisa kuskure. Shi da abokansa uku suka tasar wa tafiyar kimanin mil 1,800 don su riga saƙon isa. A hanya suka hallaka motar mahaifin ɗayansu, suka saci bas ɗin makarantar makafi, duk ana ƙyaƙyata dariya. Ku duba da kyau: ba nadama ce ta tayar da shi ba, tsoron tonon asiri ne. A ƙarshe kuma labarin ya saka masa da abin da ransa ke so. Tuba ba ta da gurbi a ciki.

Ga yadda gubar ke aiki. Da za a gabatar da alfasha tsagwaronta, da zuciya mai imani ta ƙyamace ta. Amma idan aka lulluɓe ta da raha, sai mutum ya yi dariya kafin ya yi tunani, kuma abin da ka saba yi wa dariya da wuya ka ci gaba da jin nauyinsa. Haka nan a irin waɗannan fina-finai mai kamun kai shi ne wawa, uba abin yaudara, mace kuwa ganimar da ake samu a ƙarshen tafiya. Wannan ya yi hannun riga da umarnin runtse ido da ke cikin Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31.

Musulunci bai haramta raha ba. Annabi (SAW) yakan yi barkwanci, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Bai kuma hana tafiya ba. Malaman lugga sun ce an kira ta safar ne domin tana yaye lulluɓin halayen mutum. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya tak. Tambayar ita ce: me ya fitar da kai, kuma da su wa ka fita?

Saboda haka, iyaye, tsawa kaɗai ba ta wadatarwa. Ku san abin da ake tura wa 'ya'yanku, ku zauna da su ku warware musu saƙon da ke ƙarƙashin dariyar, ku kuma sama musu nishaɗi na halal. Ku kuma matasa, ku tuna kunya reshe ce ta imani. In ta zube, mayar da ita sai an sha wahala.

Allah Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu, Ya shiryi zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.