Muryoyi Zalla, Ba Kayan Kiɗa

A shekarar 1973 ne wani masani a Ingila, Peter Phillips, ya kafa ƙungiyar Tallis Scholars, wadda galibi mawaƙanta ba su wuce goma ba, suna raya waƙoƙin ibadar Kirista waɗanda irin su Thomas Tallis da Palestrina, wanda ya rasu a Rum a 1594, suka tsara da Latinanci. Hikimar irin waɗannan waƙoƙi ita ce, kowace murya tana bin tafarkinta dabam, amma duka su dace bisa ƙa'ida; da yake kuwa mawaƙan ƙalilan ne, mai kuskure ba shi da maɓoya. Haƙiƙa, aikinsu ya cancanci a saurare shi da natsuwa.