Shirin Ɗan Gajeren Yawo A Daji



An nemi mu yi magana a kan yadda ake shirya ɗan gajeren yawo a daji, irin wanda za a fita da sassafe a komo kafin azahar. Mun sani akwai waɗanda da jin an ambaci daji sai gabansu ya faɗi, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ran 11 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, kusa da Kaduna, suka kwashe ɗalibai 39. Dazuzzukan Kamuku da Rugu kuwa an daɗe ana jin sunayensu cikin labaran tashin hankali. Ba can muke kiran kowa ba. Amma in 'yan boko suka ƙaurace wa daji ɗungum, to, sun bar shi ke nan ga ɓarayi da masu gawayi. Gobe mu ne za mu zauna a ma'aikatun gona da na muhalli muna sa hannu a takardun gandun daji, alhali cikinmu akwai wanda in an tsai da shi gaban marke da maje ba zai iya rarrabe su ba.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri, kuma shawararmu a zaɓi na kusa. Mu da ke Samaru, ga Dutsen Kufena nan dab da Wusasa. Akwai gonaki da gidaje kewaye da shi, akwai ragowar itatuwa a gindinsa, ga kuma kufan tsohuwar ganuwa wadda ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina. Tafiyar kilomita 5 ko 6, zuwa da dawowa, ta wadatar. Mutum ɗaya yakan ci kilomita 4 cikin awa guda, amma ayari ba ya haka, domin tafiyarsa ta mafi rauni ce a cikinsa. A ƙiyasta awa 3, har da hutawa.

Kusancin wuri bai isa ya sa mu saki jiki ba. Kwana biyu ko uku kafin ranar fita, mutum biyu su je su gai da mai unguwa, su faɗa masa ko su wane ne mu, mu nawa ne, da abin da ya kawo mu. Wannan ladabi ne, kuma shi ne babban tsaronmu, don mutanen gari sun fi kowace taswira sanin abin da ke gudana a bayan garinsu. In ya ce kada a je, to, magana ta ƙare, a ɗaga tafiya ko da an riga an biya kuɗin mota. In ya amince, a roƙe shi ya haɗa mu da ɗan gari, manomi ko maharbi, ya yi mana ja-gora, a kuma sallame shi da abin kirki. Ban da haka, a bar sunayen masu tafiya da lokacin komowa a hannun wani da ya tsaya a makaranta. Kada a yi ta shelar rana da wuri a Facebook tun kafin a tashi, hotuna sa jira a dawo.

Game da lokaci, Disamba da Janairu sun fi. An gama kaka, ciyawa ta bushe, mutum yana ganin inda zai sa ƙafa. Da damina duwatsu suna santsi, rafi kuma yakan cika ba zato. Da bazara kuwa, watau Maris da Afrilu, zafi ya isa ya kā da ƙato. Illar hunturu ita ce gobarar daji, saboda haka in an hango hayaƙi a gaba a juya, mai shan taba kuma ya yi haƙuri sai an komo. A tashi bayan sallar asuba.

Guzuri ba shi da yawa: ruwa lita 2 ga kowa, ƙuli-ƙuli ko dabino, hula, dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, da takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi. Silifa da sabon takalmi duk a bar su a ɗaki. Ruwan kududdufi kada a sha, kada a shiga, domin nan ake ɗaukar tsargiya.

Sai maganar maciji, wadda muke so a saurara da kyau, don a nan ne al'ada da ilmin likita suka raba hanya. Kububuwa da kasa suna kwanciya ne cikin ganye da ƙarƙashin duwatsu, launinsu ya saje da ƙasa. Kada a zura hannu cikin rami ko kogon dutse, kada a ɗaga dutse don wasa. In tsautsayi ya auku, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya kamar yadda aka saba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsaga kuwa sai ta ƙara zubar da shi. A kwantar da mutum, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Wannan ne ya sa muke son direba ya tsaya da mota a bakin hanya har mu fito.

In an cika waɗannan, sauran duk daɗi ne, kuma muna roƙo kada a mai da tafiyar tsere. A bar ja-gora ya yi magana. Zai nuna mana ɗorawa wadda daga kalwarta ake daddawa, da kaɗanya mai ba da man kaɗe, da maɗaci wanda masu magani suka sassaƙe wa bawo. Kuka a wannan lokaci tsirara take, 'ya'yanta na reto. In an yi dace da gawo, a lura da shi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ke barinsa tsakiyar gona, ba ya tare wa dawa rana. Kowa ya riƙe ɗan littafi ya rubuta sunan itace da Hausa da amfaninsa, na Latin ma same shi a laburare. A kuma ƙirga kututturan da gatari ya bari a hanya, a tambayi ja-gora yadda wurin yake sa'ad da yana yaro.

Ayari kada ya wuce mutum 15. Ja-gora a gaba, wani mai ƙarfi a baya, ba mai ratsewa shi kaɗai ko da don kama ruwa ne. A ƙirga kai wajen tashi, a ƙirga wajen hutawa, a ƙirga a bakin mota. Ƙarfe 9 na cika a juyo, ko an kai kan dutse ko ba a kai ba.