Ƙarar Mai Hannun Jari a Madadin Kamfani



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman kudancin Kano ya zama harkar jari. Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, mutane sukan haɗa kuɗi su sayi injin casar shinkafa ko motar noma, wasu har su yi wa haɗakar rajistar kamfani. To, tambayar da na zo da ita yau ita ce: idan daraktocin da aka danƙa wa amana su suka cuci kamfanin, wa zai yi ƙararsu?

Bahaushe bai rasa misalin wannan ba. Hatsin gandu na gida ne baki ɗaya, ba kamar na gayauna ba. Idan mai riƙon rumbu ya yi ɓarna, ƙanen da ya kai kuka gaban manya ba don aljihunsa ya yi ba. Abin da aka ƙwato rumbu zai koma. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun ce wanda aka ba dukiya ya juya amintacce ne, amma in ya yi ta'adi ko sakaci sai ya biya.

Dokar kamfanoni da muka gada daga Ingila ta fara ne da rufe ƙofa. Waɗansu masu hannun jari biyu, Foss da Turton, suka yi ƙarar daraktocin wani kamfani a Manchester, suna zargin sun sayar wa kamfanin filayensu da tsada. A 1843 Alƙali Wigram ya kori ƙarar. Dalilinsa shi ne, kamfani a idon shari'a mutum ne mai zaman kansa, saboda haka in an cuce shi, shi ne zai yi ƙara. Amma fa bakin kamfani shi ne daraktocinsa, kuma wanda ya ci nama ba ya kai kansa gaban alƙali.

Wannan giɓi ne dokarmu ta kamfanoni ta 1990 ta toshe, ta 2020 da ta maye gurbinta kuma ta riƙe hukuncin a sashe na 346. Mai hannun jari yana iya neman izinin Babbar Kotun Tarayya ya yi ƙara da sunan kamfani. Sai dai ya nuna ya sanar da daraktoci sun ƙi motsi, da kyakkyawar niyya ya zo, kuma ƙarar maslahar kamfani ce.

Kada a raina waɗannan matakai. Lokacin da uwar kamfanin Agip ta sayar wa Unipetrol kashi 60 cikin ɗari na Agip Nijeriya a 2002, ƙananan masu hannun jari sun garzaya kotu da sunan kamfanin. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce ba su bi hanyar da ta dace wajen neman izini ba, ƙarar ta faɗi ba tare da an taɓa ainihin kokensu ba.

Darasinmu a nan uku ne. Na farko, mai hannun jari ya riƙe takardar shaidarsa, ya halarci taron shekara, ya nemi ganin lissafi. Na biyu, ya yi kokensa a rubuce, domin maganar zaure ba ta zama sanarwa a kotu. Na uku, ya sani duk abin da aka ƙwato asusun kamfani zai shiga.

Na san kunya da zumunci sukan ɗaure mana baki, musamman in daraktan yaya ne ko suruki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗakar da ba a iya tambayar mai riƙonta, gobe ba wanda zai sake zuba mata kwabonsa.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amana.