AMSOSHIN TAKARDUNKU: In Sayar Da Bijimai In Sayi Amfilifaya Mai Kwalba?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin albasa a yankin Galmi, cikin Jamhuriyar Nijar. Ya ce ƙanensa makaɗin jita ne, irin mai aiki da lantarki, yana zuwa bukukuwan aure daga Tawa har Agadas. To yaron ya matsa masa lamba a sayar da bijimai biyu na gida a sayo masa amfilifaya mai kwalba, wai da irinta manyan makaɗan duniya suke wasa. Shi ne yake tambaya: mece ce wannan kwalba, me ya sa tsohon yayi ya fi sabo tsada, kuma ya sayar da shanun ko kuwa?

To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Bari mu fara daga ita jitar. Jitar lantarki ba ta da wata murya ta kanta. In ka kaɗa ta haka kawai, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta girgiza, sai wata 'yar wuta ta taso a cikin wayar, wadda sau da yawa ba ta kai ta batirin tocila guda ba. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan 'yar wuta ta haɓaka ta, har ta iya motsa lasifika.

Dattawanmu za su tuna da akwatunan rediyo na da, waɗanda in an kunna sai an ɗan jira sun yi ɗumi kafin su yi magana. To kwalaben da ke ciki su ne waɗannan. Gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, da wata waya da ke yin ja in ta ɗau zafi, wuta mai ƙarfi tana ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiya kuma akwai wata 'yar raga mai kama da rariya, ita ce ke buɗe wa wutar hanya ko ta rage ta. Kai da kake ban ruwa ka san yadda yaro ƙarami da 'yar fartanya zai buɗe bakin kwali ya juya ruwa mai yawa zuwa inda yake so. To 'yar wutar jita ita ce yaron, ragar nan kuma ita ce bakin kwalin. Wani Ba'amurke mai suna Lee de Forest ne ya ƙirƙiro kwalba mai irin wannan raga a 1906.

A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a Amurka, ɗan ƙarami, ba ya fashewa, ba ya cin wuta, ga arha. Sannu a hankali masu ƙera rediyo da talabijin suka yi watsi da kwalba. Amma makaɗan jita da yawa suka ce atafau ba su saki ba.

Dalilinsu yana hannun mai kaɗawa ne. Idan aka murɗa amfilifaya mai kwalba har ta kusa iyakar ƙarfinta, ba ta yanke sauti farat ɗaya. A hankali take lanƙwasa shi, ta ƙara masa kauri da wani ɗan gurnani mai daɗin ji. Makaɗi ya shafi tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau kamar ruwan randa. Ya daka da ƙarfi, ta yi ruri. Ya danne tsirkiya ɗaya, sautin ya daɗe yana kuka bai mutu ba. Duk wannan bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, yatsunsa ne kawai. Kamar ingarman doki ne mai jin linzami, ɗan motsi kaɗan ya isa. Amfilifayoyin tiransisto na farko kuwa, da an matsa musu sai su riƙa ƙara irin ta tsagaggen gwangwani.

Sai dai ka lura da abu biyu, Malam. Na farko, mai jin linzami haka ba ta rufa wa kowa asiri. In hannun makaɗi bai nuna ba, duk kuskuren da ya yi za ta ɗauka ta shelanta wa jama'a. Na biyu, daɗin nan ba ya fitowa sai an buɗe ta sosai. Mai wat 100 kafin ta kai wurin, kunnen mutum ya fara ciwo, kuma irin wannan ƙara tana kashe ji in aka daɗe ana sha. Shi ya sa makaɗa da yawa suka fi son mai wat 15 zuwa 30, a ajiye makirfo a gaban lasifikarta a haɗa da manyan lasifikokin taro.

Manyan sunaye a wannan sana'a, akwai Leo Fender na jihar Kalifoniya, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma abin mamaki shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Akwai Jim Marshall, mai kanti a Landan, wanda ya fito da tasa a 1962 bayan ya kwaikwayi wata ta Fender. Da irin tasa Jimi Hendrix ya yi suna. Sai wani Ba'amurke, Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022. Shi da hannu yake haɗawa, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon salon wanda zai yi amfani da ita, irin su Carlos Santana. Duka-duka wajen guda 300 ya ƙera a rayuwarsa, shi ya sa wasunsu kuɗinsu ya haura dala 100,000. Wannan kam ya tashi daga kayan kiɗa ya koma kayan ajiya na attajirai. Wadda aka fi sani, Fender Twin Reverb, sabuwa takan kai wajen dala 2,000 a Amurka, kafin a zo maganar dako da kwastan. Abin da ke cin kuɗin shi ne manyan taransifomomi na ƙarfe da tagulla, da aikin hannu, da kuma suna.

Yanzu mu zo filin biki, inda ƙanenka zai kai ta. Ita Twin Reverb ɗin nauyinta ya kusa kilo 30, wato fiye da rabin buhun taki, ga gilashi a ciki. Ka ɗora ta a bayan babur ko a-kori-kura a hanya mai gargada, ka san sauran. Kwalaben suna zafi ƙwarai, to ka haɗa da zafin bazara da ƙurar hunturu. Sannan wutar janareta da ke hawa tana sauka tana iya ƙona ta, dole sai da na'urar daidaita wuta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka kuma wutar bolt 120 take sha, alhali tamu 220 zuwa 230 ce. A jona ta kai tsaye, an gama.

Manyan kwalaben suna gajiya, mai wasa kullum zai canza su bayan shekara ɗaya ko biyu. Masana'antun da ke yin su kaɗan suka rage, yawanci a Rasha da Sulobakiya da Sin. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, makaɗa har a Amurka sun sha wahalar samunsu, farashi ya tashi. Sai ka tambayi kanka, in kwalba ta mutu ana tsakiyar biki a ƙauye, wa ke da ita a shago?

Ga gargaɗi kuma ga duk wanda ya riga ya mallaka, da masu gyaran rediyo na kasuwa. Wutar da ke cikinta tana kai bolt 400 zuwa 500, kuma kwandansa tana riƙe ta ko bayan an zare soket. Tana kisa. Wanda bai san aikinta ba kada ya sa hannu ciki. Kada kuma a kunna ta ba a jona lasifika ba, taransifoma zai iya ƙonewa. A bar ta ta yi ɗumi kamar minti ɗaya kafin a fara, in an tashi a bar ta ta huce kafin a ɗauka.

To maganar shanu fa? A ganinmu, Malam, kada ka sayar, musamman in su ne na huɗa. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, abin yana da daɗi. Amma tiransisto na yau ba irin na da ba ne. Roland JC-120, wadda ta fito tun 1975, ba ta da kwalba ko ɗaya, kuma manyan makaɗa sun yi wasa da ita. Akwai kuma sababbi masu ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke kwaikwayon muryar kwalba, irin su Boss Katana, ga sauƙin ɗauka, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na waccan ba. Kiɗan jitar Abzinawa da ya fito da irin su Bombino da Mdou Moctar duniya ta san su, a filayen biki ya girma, da ƙananan amfilifayoyi da janareta ko batir.

In yaron ya nace, ku yi gwaji kafin a taɓa ko akuya. Ya nemi mai irinta a Yamai ko Agadas ya roƙi a bar shi ya kaɗa, da jitarsa, a fili ba a ɗaki ba. A ajiye ta kusa da mai tiransisto, kai da abokansa ku juya baya, ya kaɗa waƙa ɗaya da kowacce, ku faɗi wacce ce wacce. In kun bambance, sai ya fara tara kuɗin daga abin da yake samu a biki, ya nemi ƙarama ta hannu mai shan wutar 230, ya haɗa da kwalabe na ajiya tun ranar saye.

Muna jiran takardarka mu ji yadda kuka ƙare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.