Labarin Yanayi da Ranar Shuka: Jawabi ga Manoman Nijeriya

Tun zamanin kaka da kakanni manomi yana da alamun da yake gane kusantowar damina da su. In shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan itatuwan gari, in gawo ya soma zubar da ganye, in iska ta juya tana busowa daga kudu, to, an san lokacin sharar gona ya yi. Waɗannan alamu ba abin rainawa ba ne. Sai dai iyakar abin da suke nunawa shi ne ruwa yana tafe, ba su faɗin ko zai zauna in ya sauka. A nan ne manoma da yawa suke hasarar iri kowace shekara.

Ga yadda al'amarin yake. Iska iri biyu ce take mulkin sararin Nijeriya. Ɗaya busasshiya ce, daga Hamada take fitowa, ita ce mai kawo hazo da sanyin hunturu. Ɗayar kuwa daga Tekun Atlantika take tasowa ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai wata iyaka, a kudu da ita ne ruwa yake sauka. Da bazara iyakar nan takan riƙa matsawa arewa. Shi ya sa damina take kama Fatakwal da Ikko tun watan Maris, ta kai Makurɗi da Abuja wajen Afrilu ko Mayu, amma Sakkwato da Katsina da Maiduguri sukan jira har Yuni, wani lokaci ma Yuli.

Iyakar nan ba ta tafiya kai tsaye. Takan yi gaba ta zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan ta ja da baya har mako biyu ko uku. Wanda ya yi shuka a ruwan nan na farko sai ya ga tsiro ya fito kore shar, rana ta ƙone shi. Ya yi hasarar iri, ya yi hasarar kuɗin ƙwadago, kuma sau da yawa irin da ya zaɓa ya adana tun kaka shi ne ya tafi. Mai yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin ɗan yayyafi ma ya isa ya ta da ƙwayar da ba za ta rayu ba. Masana aikin gona a ƙasashen Sahel suna da ma'auni: ba a cewa damina ta zauna sai an sami ruwa kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba cikin watan da ya biyo baya.

To, yaya manomi zai san abin da watan gobe zai zo da shi? Wannan shi ne aikin Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, inda take bayyana lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace ƙaramar hukuma, da lokacin ɗaukewarsa, da wuraren da ake tsoron tsayawarsa a tsakiyar damina. Ana fassara shi da Hausa da Yarbanci da Igbo. Hasashe ne, ba wahayi ba. Sanin gaibu sai Allah. Amma an gina shi a kan awon ruwa da zafi na shekaru masu yawa, ya fi jita-jitar kasuwa nesa ba kusa ba.

Babban amfaninsa shi ne zaɓen iri. Inda aka ce damina za ta gajarta, dawa mai jan lokaci caca ce. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da masara da wake masu saurin nuna, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri kuma tana da gero irin su SOSAT, mai nuna cikin kimanin wata uku. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sai an gaya musu darajar amfanin da ya riga ɗaukewar ruwa nuna ba.

Rashin ruwa ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gonaki a bakin Kwara da Binuwai, ta 2022 kuwa ta hallaka mutum fiye da 600. Saboda haka mai noman shinkafa a fadama ya kamata ya kasa kunne ga hasashen ambaliya da Hukumar Kula da Koguna, wato NIHSA, take fitarwa kowace shekara.

Labarin yanayi na kullum da ake karantawa a rediyo shi ma yana da ranarsa. In an ce gobe akwai ruwa mai ƙarfi, a dakata da zuba takin zamani da feshin magani, domin ruwa zai wanke su. In kuwa an yi gargaɗin ruwan ƙarshe da kaka, a kwashe gyaɗa da waken da aka shanya a kai su ƙarƙashin rufi. Wanda hasashen ƙaramar hukumarsa bai kai gare shi ba, sai ya tambayi malamin gona na yankinsa tun kafin ya sayi iri.